KAYAN DA A RUMFAR DILLALI

Jawabin kwamitin ƙungiyar gari, wanda anka karanta a taron bayan girbi. Mun buga shi nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da ƴan'uwanmu da ke wajen cin rani.

Mai gari, liman, dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, muna gaishe ku, muna yi muku barka da kaka. Allah ya sa albarka ga abin da munka samu, ya kai mu baɗi lafiya.

Maganar da ta tara mu yau kowa ya san ta. Shekarun nan akwai mutane da ke yawo bisa babur ƙauye ƙauye, tun daga ƙasar Madawa har Buza da Keita, suna sallama ƙofar gida suna tambaya ko akwai tsohon abu na sayarwa. Tsohon takobi suke so, da sirdi, da likkafa, da akushi, da munduwa, da littafin da anka rubuta da hannu, har da duwatsun da yara ke tsinta bisa tudu. Gidaje da dama a garin nan sun sayar. A taron da ya wuce wani dattijo ya tambaya, shin ina kayan nan ke zuwa, kuma me ke gare su da har baƙo zai ƙona mansa ya zo nemansu? Sai taro ya ɗora wa kwamiti ya bincika. Mu uku munka tafi Madawa wurin wani dillalin kayan da mai rumfa a kasuwa. Ya karɓe mu da mutunci, ya kwance buhunansa, munka wuni tare. Abin da munka gani da abin da munka tambayo wajen malamai da masu ilmin boko shi za mu gaya muku.

Da farko mu faɗi gaskiya bisa mutumin. Ba ɓarawo ba ne. Ɗan koli ne, sana'ar da ya gada, kuma abin da ya saya da yardar mai shi ya saya. Idonsa ya san tsohon aiki da sabo, ya san azurfa da dalma tun kafin ya ɗauka. Ya san kuɗin kowane abu a Yamai da Kano da Lome. Amma da munka riƙa ɗaukar kayan ɗaya ɗaya muna tambaya, wannan daga wane gida ya fito, wa ya mallake shi, sai ya riƙa murmushi. Kaɗan ne ya tuna garinsu. Sunan mai abu kuwa, ko ɗaya bai riƙe ba. Ya ce masu saye ba su tambaya.

To ga abin da ke cikin buhunan.

Ya fara zube mana kuɗin da. Akwai wuri cike da ƙwarya. Yaran yanzu sun san shi ga adon ƴan kokowa da ƴan bori kawai, amma shi ne kuɗin kakanninmu, da shi anka yi sadaki anka biya haraji. Wuri ba abin ƙasarmu ba ne. Daga teku yake, mafi yawansa daga tsibiran Maldib da ke kudu da Indiya da kuma gaɓar gabashin Afirka, jiragen ruwa sunka kawo shi, fatake sunka hau da shi arewa. Wuri dubu 20 shi ne keso guda. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2500 ake canza riyal guda na azurfa. Ku duba wahalar mai sayen raƙumi a zamanin nan, sai ya ɗauko jaki don ɗaukar kuɗin, sannan a zauna ƙirga.

Riyal ɗin ma mun gan shi, babban kuɗin azurfa mai hoton mace. A nan muna so ku saurara da kyau, don an sha cutar mutane da shi, mai saye da mai sayarwa duka. Jikinsa an rubuta 1780. Matar sarauniya ce ta ƙasar Ostiriya, sunanta Mariya Tereza, kuma a shekarar 1780 ta mutu. Da yake Larabawa da Habashawa da mutanen ƙasashenmu sun amince da kuɗin, ba su karɓar wanda anka sake wa kama, sai anka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya ba a canzawa, a Biyana, daga baya har a Roma da Landan da Paris da Bombai. Saboda haka riyal mai 1780 yana iya zama na zamanin Shehu, yana iya zama kakanku ya girme shi. Nauyinsa giram 28 ne, kuma azurfarsa mai kyau ce, shi ya sa maƙeran fari sunka narkar da shi da yawa sunka yi zobba da mundaye da abin wuya. Awarwaron da ke cikin adakar tsohuwarku, mai yiwuwa riyal ne a da. Sunan dala da muke kiran tamma biyar da shi har yau, daga irin waɗannan manyan kuɗin azurfa ya samo asali.

Sai kwabo da anini masu huji a tsakiya, da sunan sarkin Ingila. Wani zai ce me ya kawo kuɗin Ingilishi ƙasar da Faransa ta mallaka? A 1898 Turawan biyu sun zauna a Paris sunka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, duk abin da ke ciki na Ingila. Bisa takarda Ƙonni da Madawa ciki sunka faɗa. Sai da Faransa ta ga ba ta da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, anka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, iyaka ta sauka kudu inda take yau. Amma ƙafar talaka ba ta bi zanen ba. Da Nasara ya ce haraji sai da kuɗinsa, ba wuri ba, sai iyayenmu sunka kama hanyar Sakkwato da Gusau da Kano da Jos neman abin biya. Kwabon nan mai huji guzurin ɗan cin rani ne da ya rage. Wanda ya same shi a gidansu, ya tambayi tsofaffi wa ya tafi, wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba.

Daga nan ya fito da takubba guda bakwai. Wasu jikin ruwansu akwai tambarin wata biyu masu fuska. Tun da daɗewa ana kawo ruwan takobi daga Turai, musamman daga wani gari na maƙera a Jamus da ake kira Solingen, a ratso Sahara da shi, a yi masa ƙota da kube a nan. Maƙeranmu kuma sun iya buga tambarin nan bisa nasu aikin, don haka tambari kaɗai ba ya shaida.

Takobi a ƙasar nan ya ga abubuwa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa, zuriyarsa ce ke sarautar Adar a Illela. Kel Geres sun sauko daga Abzin sunka zauna tsakanin Adar da Gobir, ayarinsu na kai gishirin Bilma har Sakkwato. Lisawan sun riƙe wajen Keita. An yi jihadi a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, an yi Gawakuke a 1836. A 1901 Kel Geres sunka tari sojan Faransa a Galma, nan kusa da Madawa, da takobi da mashi da garkuwar fata, bindiga ta rinjaye su. Muna tsaye gaban takubban nan bakwai muna tunani, wataƙila ɗaya cikinsu ya je Galma. Wataƙila kuma na ango ne da bai taɓa fita kube ba sai ranar salla. Ba mai iya faɗi yanzu. Ranar da kowannensu ya bar gidansu akwai tsoho ko tsohuwa da ta san amsar, ba a tambaye ta ba.

A ƙasan buhun akwai wani abu da dillalin bai so ya fito da shi ba. Mari ne na ƙarfe, irin wanda ake sa wa ƙafar mutum. Mun ga ya kamata mu faɗe shi gaban taro. Zamanin takobi zamanin hari ne da kamun bayi. Dattawa sun san dalilin da ya sa kufan garuruwa da yawa na Adar ke bisa duwatsu inda ruwa ke da wuyar kai wa, ga fadama a ƙasa ba kowa. Tsoro ne ya hau da mutane can. Cikin taron nan akwai jikokin masu takobi, akwai jikokin waɗanda anka sa wa mari, yau duk surukan juna ne, kuma tun 2003 dokar ƙasa ta sa bauta cikin manyan laifuka. A ganinmu marin nan ya cancanci ajiya kamar takobin, don yaro ya gani da idonsa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne littattafai. Gafaka uku munka gani, fatarsu ta yi baƙi don tsufa. Liman na cikinmu ya buɗe, ya ga Risala da Ishiriniya da wani ɓangare na Alƙur'ani, da rubutun malaman ƙasar nan, tawada baƙa da ja. Ya ɗaga warƙa guda ga hasken rana ya nuna mana alamar jinjirin wata uku a cikin takardar kanta. Irin wagga takarda a Italiya anka yi ta, ta bi ta Tarabulus, raƙuma sunka kawo ta. Risala dai akwai ta bugaggiya a kowace kasuwa, ba ita ce abin ji ba. Abin ji shi ne ƙarshen littafi, inda marubuci ke sa sunansa da na ubansa da na malaminsa, wani lokaci da garin da shekarar. Ga kuma ƴan takardun da ake cusawa tsakanin warƙoƙi, wasiƙar wani sarki, shaidar bashi, rabon gado, iyakar gona, ranar haihuwar yaro, shekarar da fara ta zo. A gafaka ɗaya mun ga rabon gadon wani gida da sunayen magada shida da gonakinsu. Ba sunan gari. Wani wuri cikin ƙasar nan wataƙila jikokinsu na gaban alƙali suna jayayya bisa gonar da takardarta ke kwance cikin buhu a Madawa.

Dillalin da kansa ya gaya mana cewa wasu masu saye ba su son littafi dukansa. Warƙar da ke da zane mai kyau suke cirewa su sa a gilashi, sauran a watsar.

Game da ƙarfe ba za mu daɗe ba, maƙeranmu sun fi mu sani. Akwai tsofaffin hauyoyi da kibau da ƙarfen tama na gida. Kashin maƙera da ke zube tuli tuli a bayan garuruwa shaida ce cewa Adar ta narka nata ƙarfe daga dutse kafin ƙarfen mota ya kashe sana'ar. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960, har ta ɗauki aikin narkar da tama a sinima. Shi kuma gatarin aradu da ake cewa tsawa ce ke jefo shi, masana sun ce hannun mutum ne ya wasa shi, tun zamanin da ba a san ƙarfe ba.

Duwatsun da yara ke tsinta fa, masu kamar katantanwa da ƙumba da haƙoran kifi? Su ne sunka fi komai tsufa a rumfar. Shekaru sama da miliyan 50 da sunka wuce teku ce ta rufe ƙasar nan, halittun cikinta sunka mutu sunka zama dutse. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, a ƙarƙashin wannan teku ya taru. Mu da ke tafiyar rabin wuni neman ruwa da rani, a gindin teku muke noma. Ikon Allah ke nan.

Yanzu ga wurin da maganar ta yi nauyi. Abin da ka gada a ɗakinka daban, abin da anka tono daga ƙasa daban. Duk damina ƙorama na cin gaɓa tana fito da tukwane da ƙasusuwa da duwatsun wuya. Waɗanda sunka yi aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda anka fara a 1984 da taimakon Italiya, sun san irin abin da diga ke cin karo da shi a kufai. Mun ji an fara ba samari kuɗi su tona da dare. Ku ji abin da ya faru a yammacin ƙasarmu. A 1975 anka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, wajen Tera, mai tulunan ƙasa da mutum-mutumi. Masanin jami'ar Yamai Bube Gado ya yi tono na ilmi a wurin a 1983, yana auna kowane abu yana rubutawa. Da anka nuna kayan a Faransa a 1993, masu kuɗin Turai sunka gani sunka so, sai masu tonon dare sunka afka wa yankin. Maƙabartu masu yawan gaske anka birkice, abin da ya fashe anka zubar, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Manoman wurin ƴan kuɗi kaɗan sunka samu, sun ƙare tun tuni, ramukan na nan. Tukunya in tana inda anka binne ta, masani na iya gane zamaninta da irin mutanen da abin da sunka ci. In an tumɓuke ta, kasko ce kawai. Ban da haka ma, jama'a, kabari ne. Ko ba musulmi ne ke ciki ba, ɗan Adam ne, kuma mai yiwuwa kakan wani ne a nan.

Akwai doka kuma. Ƙasarmu ta sa hannu ga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, kuma tana da tata doka ta 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan gadon ƙasa. Tono ba da izinin hukuma ba laifi ne, fitar da irin kayan nan waje ba da takarda ba laifi ne. In abin ya ɓaci, yaron da ke riƙe da diga shi jandarma ke kamawa, mai saye yana can nesa. Wanda ke tsammanin yana cin riba kuma ya tuna da dutsen nan da ya faɗo daga sama, wanda anka tsinta a jihar Agadas a 2023, nauyinsa bai kai kilo 25 ba. A watan Yuli na 2025 anka yi gwanjonsa a birnin New York sama da dalar Amurka miliyan 5, har gwamnati ta buɗe bincike bisa yadda ya fita ƙasar.

Ba mu zo nan mu zargi wanda ya sayar da kayan gidansu ba. Mun tambayi dillalin yaushe kaya sunka fi shigo masa. Ya ce shi da ubansa duk amsa ɗaya ce, shekarar yunwa. A 1973 da 1974, da 1984 shekarar El Buhari da anka rufe iyaka, da 2005, da kowace bazara in rumbu ya yi ƙasa. Uwar da ta fitar da munduwar kakarta ta auno hatsi ta ciyar da ɗiyanta, ba wanda zai ce ta yi laifi, mu ma da haka za mu yi. Abin da muke cewa shi ne, ko za a sayar da abu, labarinsa ya tsaya gida. Rubuta shi ba ya cin ko dala.

Wani zai ce ai an riga an rubuta tarihin Adar. Gaskiya ne, Farfesa Djibo Hamani ya fitar da littafi bisa Adar kafin zuwan Nasara a 1975, kuma aiki ne babba. Amma littafi guda ba ya ɗaukar kowane gari da kowane gida. Wa ya haƙa tsohuwar rijiyarmu, daga wane kufai munka sauko, wace shekara, wannan sai mu.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gaban taro. Ƙungiya ta sayi babban kaye mai bango mai ƙarfi, a ajiye shi wajen sakatare. Duk mai tsohon abu, ko zai sayar ko ba zai sayar ba, ya kawo a rubuta sunan abin, da mai shi na farko, da yadda ya shigo gidan, da abin da tsofaffi sunka ce bisa kansa, a ɗauki hotonsa da salula. Diraktan lakwal ya yarda manyan ƴan makaranta su taimaka da rubutu, kowane yaro ya fara da kakarsa. Muna roƙon a fara da gidajen da tsofaffinsu sunka fi shekaru, dalili ba sai mun faɗa ba. Iyayenmu mata, kayan ɗaki da na ado ku kunka san asalinsu, wace amarya ta zo da me daga wane gari, don haka muna son mata biyu cikin masu wanga aiki.

Littafi da takarda kuwa, muna roƙo kada a sayar ko kaɗan. Wanda gara ko ɗigon ruwa ya dame shi ya kawo wa liman, za a sami akwatin ƙarfe a masallaci, da sunan kowane gida bisa gafakarsa. A Yamai, cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen littattafan Larabci da ajami mai dubban littattafai, wanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Sakatare zai rubuta musu ya tambayi yadda ake adana tsohuwar takarda. In matsuwa ce ta sa mutum zai rabu da littafin gidansu, ya fara zuwa wurin ma'aji a asirce. An kawo shawarar asusun ƙungiya ya ba shi rance, littafin ya zauna jingina a masallaci har ya samu. Wannan sai taro ya amince, don kuɗin na kowa ne.

Wanda ya ga ƙorama ta buɗe tukunya ko kabari, kada ya taɓa, ya rufe da ƙasa ya gaya wa mai gari, shi zai sanar da hukuma. Baƙon da ya zo da maganar tono a kai shi ƙofar mai gari.

Dillalin na Madawa ma mun roƙe shi abu guda, ya kuwa karɓa. Daga yanzu abin da ya saya a garuruwanmu zai rubuta sunan garin da gidan a ƴar takarda ya ɗaura masa. Takardar rabon gadon nan kuma ya ba mu aro, tana hannun liman. Za a karanta sunayen magadan shida bayan sallar Juma'a, mako uku a jere, za mu kuma aika kwafi ga limaman Buza da Keita da Tamaske da Bangi. Wanda ya ji sunan kakansa ya zo ya same mu.

Za a buɗe kayen ranar kasuwa mai zuwa bayan la'asar, a zauren mai gari. Yanzu fili na dattawa ne, sannan a yi ƙuri'a bisa maganar rance.